Ku Tambayi Tsohon Furodusa: Kyamara, Dorina da Tsuntsayen Fadama

Tun da mujallar nan ta buga hotunan tsuntsayen da na ɗauka a fadamar Argungu, wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu na yabo, wasu na faɗa. Na haɗe masu kama da juna, na taƙaita dogaye. Kamar kullum, gari kawai muke bugawa, ban da suna.

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Ni ɗalibin aikin jarida ne. An ce ka yi shekara talatin da wani abu kana furodusa a gidan talabijin. Mene ne ainihin aikin furodusa, tunda ba ma ganin sa a allo? Kuma me ya haɗa wannan aiki da bin tsuntsaye a bakin gulbi? (Daga Jega)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Furodusa shi ne wanda in shiri ya yi kyau a yaba wa mai gabatarwa, in ya lalace a kira shi ofishin manaja. Shi ke kawo tunanin shirin, ya rubuta tsarinsa, ya nemo baƙi, ya bi ma'aji a kan kuɗin mai, ya tabbatar batura sun kwana a caji, sannan ya zauna da mai tace hoto har a fitar da minti ashirin da biyar daga abin da aka wuni ana ɗauka. A ƙananan tashoshi irin waɗanda na yi aiki, shi ne darakta, wata rana ma shi ne direba.

A Sakkwato na fara, farkon shekarun 1980, lokacin da akwatin talabijin ɗaya ke tara yaran unguwa guda a ƙofar gida. Abin bai daɗe ba a lokacin. A Ibadan aka buɗe tashar farko a Najeriya a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sai a 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Mu zamanin kaset ɗin U-matic muka tarar. Kyamara daban, rakoda daban, waya ta haɗa su, mutum biyu na tafe, in na gaba ya yi tuntuɓe na baya ya ji a kafaɗarsa. Kaset ɗin fita waje minti 20 kawai yake ci, don haka ba ka danna maɓalli sai ka san abin da kake nema. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ina cikin waɗanda aiki ya dawo da su Birnin Kebbi. Na yi shirin noma, na lafiya, kacici-kacicin makarantun sakandare, tafsirin azumi, hawan Sallah, dambe da kokawa, har wasan kwaikwayo. Mutum ɗaya na riƙe da shiri uku ko huɗu a mako, kuma ba gwaninta ta jawo haka ba, ƙarancin ma'aikata ne. In ka ji ana kambama wani cewa ya shirya ɗaruruwan shirye-shirye, ka fara tambayar su nawa ne a sashensu.

Tsuntsaye kuwa jiran manya ne ya haɗa ni da su. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bikin kamun kifi na Argungu ya san yadda ake yi: ku kafa kyamarori a bakin Matan Fada tun asuba, ku gwada sauti, sannan ku zauna jiran baƙi har rana ta take. A irin wannan zama idona ya fara sauka a kan zalɓe. Yana tsaye cikin ruwa iya gwiwarsa, ba motsi, sai ka rantse itace ne, can sai wuyan ya miƙe kifi na baki. Bayan masunta sun fito da homa da gora, ruwa ya dagule, sai shirwa su cika sama suna tsintar ƙananan kifin da aka watsar. Kyamarorinmu duk suna kan mumbarin manya da giwan ruwan da ake aunawa. Ina da wata 'yar kyamarar fim tawa ta kaina da nake ɗaukar suna da biki na dangi, ita na fara juyawa wajen ruwa.

Abin da ya riƙe ni a ciki shi ne wannan. A talabijin kusan komai ana iya cewa "a sake". Manomi ya sake ɗaga galma, mawaƙi ya sake amshi, kwamishina ma na sha sa shi ya sake yanka zare don batir ya mutu. In mutum ya daɗe a haka sai ya fara ganin duniya duk tana jiran umarninsa. Zalɓe ba ya sakewa. In ba ka san lokacin da zai kai cafka ba, ka tafi gida da hoton ruwa. Dole ka koyi halinsa, kuma wannan ilimi ba a situdiyo yake ba, yana wurin masunta da mafarauta da Fulani makiyaya.

Tunda aikin kake son shiga, ka riƙe abu biyu. Ka koyi sauti, domin mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu amma ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba. Ka kuma koyi rubuta shiri a takarda kafin ka taɓa kyamara.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce. Ina sha'awar ɗaukar tsuntsaye don in nuna wa ɗalibaina, amma waya kawai gare ni, kuma an ce sai da kyamarar miliyoyi. Gaskiya ne? (Daga Gusau)

Amsa: Malama, wanda ya gaya miki haka ko dai mai sayar da kyamara ne ko wanda ya saya yana neman hujja. Matsalar waya ɗaya ce, ba ta jawo abin da ke nesa. In kika matsa hoton da yatsa don ya girma, ba matso da tsuntsun kika yi ba, baza hoton kika yi ya dushe. Maganin shi ne tsuntsun ya zo inda kike. Ki sami kasko mara zurfi, ki zuba ruwa iya tsawon gaɓar yatsa, ki ajiye a inuwa kusa da bishiya a tsakar gida ko bayan aji, inda kyanwa ba za ta sami maɓoya ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta busar da komai, cikin 'yan kwanaki za ki ga kurciya da hasbiya da gwara da kanari suna layi. Ki jingina wayar da dutse taku biyu daga kaskon, ki kunna bidiyo, ki koma ɗaki. Daga baya ki tsamo hoton da kike so daga cikin bidiyon.

In Allah Ya hore, 'yar gwanjon Canon ko Nikon mai gilashin da ya kai milimita 300 ta isa. Tsuntsu a zaune ba ya ba da wahala, mai tashi ne ke buƙatar a sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukan su fito kamar hayaƙi. Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ki ba rana baya. Da hunturu kada ki kuskura ki cire gilashi a waje, ƙurar za ta shiga ciki, kuma kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗigo a wuri guda har sai an kai wa mai gyara.

Amma da za ki ji shawarata, kafin kyamara ki sayi madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu. Duk tsuntsun da kuka gani da yara a rubuta rana, wuri, da abin da yake yi. Hoton da ba rana ba wuri ado ne kawai, wanda ke da su kuwa shaida ne. Najeriya na da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma tun 2015 akwai aikin tattara taswirar tsuntsayen ƙasar nan da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, wanda 'yan sa kai ke aika masa bayanai ta waya. Ajin da ya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a Gusau kowace shekara, shekara biyar a jere, ya yi aikin da masu bincike za su roƙa. Shamuwa dai kin sani da damina take zuwa mana ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, in kaka ta yi ta tsallaka can kudancin Afirka ta bi ruwan sama.

Tambaya: Alhaji, da girmanka. Mu muna kwana gona muna kaɗa gwangwani saboda jan baki, kai kuma ka ɗauki hotonsu ka sa a mujalla ka ce sun yi kyau. In da shinkafarka suka cinye za ka ce haka? (Manomi, daga Suru)

Amsa: Ɗan'uwa, faɗanka na kan hanya, kuma ba zan ce maka ka so jan baki ba. Na yi shirin noma shekaru da yawa, na tsaya a gonar da aka bari da yamma da zangarniya cike, aka dawo da hantsi aka tarar da ƙaiƙayi. Na ga yaran da aka cire daga makaranta wata guda cur suna jan igiya mai gwangwanaye daga asuba zuwa magariba. Wannan ba abin wasa ba ne.

Sai dai bari in gaya maka abin da zama da kyamara ya nuna mini, wataƙila ya yi maka amfani. Ɗan tsuntsun nan bai kai giram 30 ba, ƙarfinsa yawa ne, har masana na cewa babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, kuma ya fi son ta. Yana afka wa gona ne sosai in ƙwayar ciyawa ta ƙare ko ta tsiro, ga kuma shinkafa tana nono a gabansa. Ka dubi fadamarmu yanzu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya bazu, wuraren da a da ciyawa ce da tafkuna sun koma gona, famfo na ruri dare da rana. Alheri ne babba, ni ma na ci. Amma mun rage masa abincinsa, mun shimfiɗa masa namu, kuma kowa na shuka lokacin da ya ga dama. Wanda shinkafarsa ta nuna ita kaɗai, gaba da kowa ko bayan kowa, shi garken duka ke sauka wa. In maƙwabta suka haɗa kai suka yi shuka lokaci guda, ɓarnar na rabuwa. Gonar da ciyawa ta yi yawa a cikinta ita ma tana kiransu, domin ciyawar suka fara gani.

Sannan ba a gona suke kwana ba. Da magariba sukan taru a wuri ɗaya, cikin dogayen ciyayin bakin ruwa ko sarƙaƙiya, kuma hanya ɗaya suke bi kullum. Hoton da ya ɓata maka rai a irin wannan makwanci na ɗauke shi, bayan na bi su da yamma ina lura da inda suka nufa. Masu feshi da jirgi makwancin nan suke nema, ba gonarka ba. Manomin da zai iya gaya wa malamin gona takamaiman inda suke kwana ya fi wanda zai ce "sun yi yawa" taimako.

Inda za mu saɓa da kai shi ne maganin feshin. Dafi ne mai ƙarfi, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Shirwa da shaho da suka ci gawar jan baki su ma suna bi, kuma a bakin ruwa ake zuba shi, ruwan da shanu ke sha, masunta ke shiga. Kada a bar yara su tsinci tsuntsayen da aka fesa su gasa. Wannan ko ba ka yafe mini hoton ba, ka isar da shi ga mutanen garinku.

Tambaya: Kawu, ina son in ɗauki bidiyon dorina in sa a Facebook. Akwai su kusa da mu. Yaya zan matsa kusa ba tare da ta gan ni ba? (Daga Yauri)

Amsa: Ba za ka matsa ba, ɗana. Tambayar da ta dace ita ce daga ina zan tsaya. Kuma ta riga ta gan ka. Idonta da kunnenta da hancinta duk a saman kai suke, tana kwance cikin ruwa tana kallonka kai kana ganin kamar kututture.

Babban namiji na kai kilo 1,500 ko fiye. Tana iya nutsewa kamar minti biyar ta ɓullo inda ba ka zata ba, a tudu kuma tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa, wato ba ka tsere mata. Da rana tana ruwa, da dare ta fito kiwo, da asuba ta koma ta hanyar da ta saba. Mafi yawan waɗanda take hallakawa a tudu sun shiga ne tsakaninta da ruwa ba su sani ba, a ruwa kuma kwalekwale ne ya ratsa inda mai ɗa take ko inda namiji ke tsaron wurinsa. Wangame bakin nan da masu hoto ke so suna cewa hamma, ba barci take ji ba, haure take nuna maka.

Ni duk hoton dorinar da nake da shi daga tudu na ɗauka, a gaɓa mai tsayi, da dogon gilashi, kuma ban taɓa zuwa ba sai da tsohon Basarke a gefena. Sarkawa, masuntan yankin, su suka san kowace kwana ta ruwan, suka san wadda ta haihu bana. In ya ce a tashi, ba na tambayar dalili. Ka je ka gai da Sarkin Ruwan yankinku, ka faɗi abin da kake so, ka bi abin da ya ce.

In kana son bidiyon ya yi amfani, kada ka tsaya a kan dabbar. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tayar da dubban mutane, zaman mutum da dorina a wannan yanki ya canza, yanzu kuma shinkafa ta kai har bakin ruwa inda take kiwo. Ka ɗauki sawunta a gona, ka ɗauki manomin da ta yi wa ɓarna yana bayani da bakinsa, ka ɗauki masuncin da ya san ta. Wannan shi ne shiri. Kan dorina a ruwa kowa ya gani.

Tambaya: Ni dattijo ne, na haura saba'in. Muna yara gauraka na sauka a fadamarmu garke-garke, ungulu kuwa ko korarsu aka yi a mahauta ba sa tafiya. Yanzu jikokina ba su san su ba. Kai da kake yawo, ina suka tafi? (Daga Gwandu)

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara lafiya. Ba tafiya suka yi ba, ƙarewa suke yi. Gauraka a fadama mai ruwa da ciyawa take ƙwai, a ƙasa, kuma ba ta son hayaniya. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya busar da wurare da yawa, madatsun ruwa suka rage ambaliyar da ke cika tafkuna, noma ya ci sauran. Abin da ya ƙarasa ta kyanta ne. Ana kama 'ya'yan a sayar wa masu hali su ajiye a gida don ado, kuma wadda ke tsakar gida ba ta ƙara ko ɗaya a daji. Yau a Najeriya ganin ta a sake ya zama labari. Ni kaina hotunan gauraka da nake da su masu kyau duk na fim ne, na da. Na baya-bayan nan a gidan wani attajiri na ɗauka, an yanke mata fiffike, ban kuma buga shi ko'ina ba.

Ungulu kuwa, wadda Bahaushe ya ce ba ta jewar banza, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, wadda ake sa wa mushe don karnuka ko kuraye, mushe ɗaya ya kwashe garke. Sannan ana farautarsu ana sayar da kai da ƙafa a kasuwar masu magani. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka in aka kashe uwa ba a mayar da gurbinta da wuri. Aikin da take yi mana kyauta, na kwashe mushe kafin ya ruɓe, yanzu karnuka da ƙudaje suka gada.

Ina da roƙo, Baba. Ka sa jikan nan naka ya kunna rakodar waya, ka faɗi sunan fadamar, da shekarun da kake ganinsu, da watan da suke zuwa, da yadda kukansu yake. Irin wannan bayani babu shi a littafi.

Tambaya: Yallaɓai, me ya sa sai Turawa ne ke yin shirin namun daji mai kyau? Ku da kuka daɗe a talabijin me ya hana ku yi mana namu da Hausa? (Daga Zuru)

Amsa: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wanda kowa ke kawo misali da shi, David Attenborough, shi ma furodusa ne tun asali. Ya shiga BBC a 1952, ya fara shirinsa na dabbobi mai suna Zoo Quest a 1954, ya zama shugaban tashar BBC ta biyu a 1965, a hannunsa tashar ta koma mai launi a 1967. Daga baya ya ajiye kujerar mulki ya koma daji, babban shirinsa na tarihin halittu mai kashi 13 ya fito a 1979 bayan an yi kimanin shekara uku ana haɗa shi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tun 1957 BBC ke da sashe guda a birnin Biristol wanda ba ya komai sai shirin halittu. Za su iya ajiye mai kyamara makonni a bukka yana jiran abin da zai fito minti biyu a allo, kuma albashinsa na tafiya.

Mu kuwa kyamara biyu ko uku ce a tasha, ɗaya ta bi ayarin gwamna, ɗaya na ɗakin labarai. Ka je ka ce a ba ka ta ukun da mota da direba mako guda za ka jira kada ya fito shan hantsi, ka ji amsar da za a ba ka. Shirin da ke da mai ɗaukar nauyi shi ke samun lokaci, kuma ba kamfanin da ke ganin zalɓe zai sayar masa da taki. Ko da aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu a 1992, lissafin bai canza ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Na kai takardar irin wannan shiri sama ba sau ɗaya ba, a wata tasha da ba sai na ambata ba. Abin da na samu shi ne izinin saƙala minti uku na tsuntsaye a ƙarshen shirin noma, in lokaci ya ragu. Abin mamaki, a kasuwa waɗannan mintuna ukun aka fi tare ni a kansu.

Sai dai ban yarda cewa sai mun kwaikwayi nasu ba. Ba mu da zaki yana bin gada a fili, kuma ba shi muke buƙata ba. Su sukan cire mutum daga hoto kamar ba kowa a Afirka sai dabba. Namu labarin na mutum da dabba ne a wuri guda. A garinku akwai kadojin Girmace da mutane ke zaune da su tun kaka da kakanni. A 2018 giwaye sun ɓullo yankin Koko-Besse da Bagudo suka shiga gonaki, mutane suka yi ta tururuwar kallo, hukuma ta hana a taɓa su. Tsallaken iyaka, a Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har zuwa 49 a 1996, manoman wurin da hukuma suka tsare su har suka haura 600. Kowanne cikin waɗannan shiri ne cikakke, kuma masu ba da labarin da Hausa za su ba da shi, ko Dakarci, ko Zabarmanci. Yau da waya mai kyau da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, matasa biyu za su yi abin da mu da motar tasha ba mu yi ba. Abin da zai ba su wahala bai wuce zama wuri ɗaya na awa uku ba tare da duba saƙo ba.

Tambaya: Baba, na sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara. Ina so in shiga dajin Kuyambana in ɗauko namun daji daga sama. Me ka gani? (Daga Talata Mafara)

Amsa: Na ga ka zauna gida, ɗana. Kai ma ka san waɗanda ke cikin dajin nan yanzu, kuma mutum da kyamara a hannu ɗan leƙen asiri ne a idonsu, a idon jami'an tsaro ma sai ya yi dogon bayani. Tashin irin wannan jirgi a Najeriya na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle a Zamfara da aka taɓa hana shawagin jirage a samaniyarta a Maris ɗin 2021. Ni ma akwai wurare a arewacin Kebbi da na daina zuwa, in zan fita ko'ina kuma sai na fara gaida hakimi ko mai gari na faɗi abin da ya kawo ni. Ga shi kuma ƙarar jirgin na tayar da tsuntsu daga kan ƙwai, hankaka ya zo ya shanye.

Madatsar Bakolori na kusa da kai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa irin wannan na tara kirinjijiya da ɗinya da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke tasowa daga Turai gudun sanyi. In mutanen wurin sun tabbatar maka hanya lafiya, ka je da safe tare da wanda aka sani, ka bar jirgin a akwatinsa. Ka riƙa yin haya da shi wurin biki bayan ka sami takardun, ya mayar maka da kuɗinka.

Masu tambaya a kan wanke tsofaffin fina-finan hoto da mayar da kaset ɗin VHS cikin kwamfuta, ku yi haƙuri, fili ya ƙare. Kafin fitowa ta gaba ku fitar da su daga cikin akwatin ƙarfe, ku ajiye inda ba zafi ba laima, kuma kada ku saka kaset mai fumfuna a cikin na'ura.